Ranar da Aka Sace Iyayen Kifi

Da hantsi aka zo kiran Sunkuye, yana zaune a ƙofar gidansa yana ɗinke igiyar takalmi. Sunan nan ba na yanka ba ne. Tun yana saurayi yake tafiya kansa a ƙasa, idonsa na karanta turɓaya, har mutane suka manta da sunan da ubansa ya raɗa masa. In akuya ta ɓata ko an haura katangar wani, shi ake nema. Ya bi sawun mutum, ya bi na jaki, ya bi na keke da babur. Amma bai taɓa jin an ce ya zo ya nemo kifi ba sai ranar.

Wanda ya zo kiran Auta ne, ƙanin matar da ake kira Uwar Kifi, mai tafkunan kiwo a bayan gari.

"Kifi kuma?" in ji Sunkuye, bai ɗago ba. "A ina kifi yake taka ƙasa da zan bi shi?"

"Baba, kai dai taso. Yaya ta ce ko da ɗauka ne in kawo ka."

Ya zura takalmin a haka, igiyar ba ta gama ɗinkuwa ba, ya bi shi. Tambayar da ya yi da wasa ita ta riƙa yi masa ƙaiƙayi a hanya.

Sun tarar da gonar cike da jama'a. Tafkuna uku ne a jere, biyu manya a gaba, ƙarami ɗaya a baya kusa da shingen waya. A bakin ƙaramin aka taru. Tsoho mai gadi na zaune a ƙasa, hularsa a hannu, ana ta magana a kansa kamar ba ya wurin. Wani ya ce ai barci ya yi. Wani ya ce ba barci ba ne, da shi aka haɗa baki. Mai wanki, wanda ke zuwa karɓar kayan dauɗa a gidan gonar, yana tsaye can gefe da ƙunshi a kafaɗa.

"Baba mai gadi ba zai yi haka ba," ya ce a hankali. Ba wanda ya kula shi.

Uwar Kifi mace ce doguwa, mai kaifin murya, hannunta ya saba da aiki. Ta gaishe da Sunkuye a taƙaice.

"Wane irin kifi ne aka ɗauka?" ya tambaye ta.

"Kaf."

"Kaf aka kwashe? Ga can ina ganin ruwa na motsi."

"A'a, Baba, sunan kifin ke nan, kaf. Na tafkunan gaba suna nan. Na wannan ne aka kwashe kaf." Wasu suka yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. "Guda biyar ne, mata uku, maza biyu. Ba na sayarwa ba ne, su ne iyayen. Duk ƙananan da nake rabawa masu kiwo daga cikinsu suke fitowa. Matan cikinsu ya cika da ƙwai, kwanan nan nake sa ran su zubar. In na rasa su, bana ba ni da iri, waɗanda suka dogara da ni ma ba su da shi."

Sunkuye ya roƙi jama'a su ja baya, ko da yake sun riga sun tattake gaban tafkin. Ya zaga ta baya, inda ƙaramar ƙofar shinge take. Nan ƙasar na da danshi, ba wanda ya bi. Ya tsuguna ya daɗe.

Sawun baro ne, ƙafa ɗaya. Ya shigo da sauƙi, ya fita da nauyi, tayar ta nutse sosai a fitar. A inda aka ajiye baron a bakin ruwa, ƙafafunsa biyu na baya sun bar alama. Ta dama zagayayya ce, irin ta bakin bututun ƙarfe. Ta hagu mai kusurwa huɗu ce, alamar ta taɓa karyewa aka ɗaura mata katako. Mai turawar ba takalmi a ƙafarsa. Abin da ya ba Sunkuye mamaki shi ne tafin ƙafar sumul yake, ba faso ko ɗaya, alhali faɗinta na mutumin da ya saba aikin ƙarfi ne. Gefen hanyar akwai ɗigon ruwa da ya huda turɓaya, jere da sawun tayar. A bakin tafkin kuwa ba jini, ba ɓawon kifi, ba inda aka ja taru.

"Hajiya," ya kira ta, "kifi mai girman cinyar mutum, yaya ake kama shi ba taru ba ƙugiya?"

Ta ɗauko bokitin ƙarfe ta je bakin tafkin gaba, ta ƙwanƙwasa shi da sanda. Nan da nan ruwa ya ɗauki motsi, bakuna suka fito sama suna buɗewa suna rufewa.

"Suna da ji sosai, kuma suna da haddar abu," ta ce. "Na bayan ma sun fi waɗannan sabo, a tafin hannuna suke ci. In ka jiƙa buhu ka rungumo ɗaya, sai ka ɗago shi kamar jariri."

"Wa ya san haka?"

"Duk wanda ya taɓa wucewa ta nan lokacin ba su abinci."

Ya koma ya sake tsugunawa, ya nuna mata wani siririn layi da ya ratsa ta kan sawun tayar, kamar an ja zare.

"Wannan tafiyar buzuzu ce, shi kuwa sai duhu ya yi yake fita. Ya hau kan sawun, ke nan sawun ya riga shi. Jiya tun da sauran rana aka yi satar nan. Mai gadi yaushe yake kama aiki?"

"Da magariba."

Tsohon ya ɗago kai a karon farko. Amma jama'a ba su so labari ya lalace musu ba. Aka ce ai ko da rana aka yi, wani na ciki ne ya nuna hanya. Auta ma ya sa baki, ya ce wa ya fi mai gadi sanin ƙofar baya. Uwar Kifi ta ce wa tsohon ya zauna a gida tukuna har magana ta fito fili. Ya tashi ya karkaɗe wandonsa, ya sa hularsa, ya fita ba tare da ya dubi kowa ba.

Sunkuye ya bi sawun har bakin kwalta. Nan ya ɓace.

Da ya dawo sai ya ja Auta zuwa rumfar da ake ajiye abincin kifi.

"An ce jiya yayarka ta kai kaya kasuwa. Wa ta bari a gona?"

"Ni."

"Kana nan har mai gadi ya zo?"

"Ko nan da can ban je ba. Ni na ba su abincin yamma ma."

Sunkuye ya jawo wani ƙaramin bokiti da ƙafa. Dusar da aka auna wa iyayen kifi tana ciki yadda aka zuba ta, gizo-gizo har ya yi saƙa a bakinsa.

"Da wanne ka ba su?"

Auta ya sosa ƙeya, ya leƙa waje ko yayarsa na kusa.

"Baba, don Allah kar ka gaya mata. Akwai wata yarinya da nake nema, a shagon ɗinki take. Na ce bari in leƙa in dawo, hira ta yi daɗi. Ta ƙofar baya na fita don kar maƙwabta su gan ni, ban sa sakata ba."

"Shi ya sa ka tura wa tsoho laifi?"

Auta ya sunkuyar da kai. Sunkuye ya ce ya cire takalmi. Ƙafar siririya ce, dunduniyar duk faso. Ba ita ba ce.

"Kai za ka gaya mata da bakinka," ya ce masa. "Ni sawu aka kira ni in bi."

Kafin azahar labari ya zo cewa an ga manyan ɓawon kifi a bayan rumfar mai banda, matar da ke gasa kifi da hayaƙi a bakin kasuwa. Kusan rabin unguwa suka rako Sunkuye da Uwar Kifi. Mai banda ta fito daga cikin hayaƙi idonta jawur, wuƙa a hannu, ta ce wanda ya isa ya kira ta ɓarauniya ya matso kusa ta ji shi da kyau.

Ɓawon na nan kuwa, kowanne ya kai faɗin babban yatsa. Uwar Kifi ta tsinci ɗaya, ta goge shi da gefen zaninta, ta ɗaga shi saitin rana ta ƙanƙance ido.

"Kaf ne, amma ba nawa ba."

"Ta yaya kika sani?" Sunkuye ya matso.

"Duba nan. Ka ga layukan nan da suka kewaye shi? Inda suka matsu da juna suka yi duhu, shekara ke nan ta zagayo. Wannan biyu gare shi. Ƙaramin cikin nawa ya haura shekara takwas."

Ya karɓa ya ɗaga shi ma. Da farko bai ga komai ba, can sai zoben suka fito masa, ɗaya cikin ɗaya. Ya juya shi, ya sake juyawa. Har mai banda ta gama zazzaga masifarta, ta faɗi motar da ta kawo mata kifin daga wani gari, shi yana nan yana kallon ɓawo. Kafin su tafi ya duba baronta. Ƙafafun biyu duk na ƙarfe ne. Ya ba ta haƙuri, ta ce ya ajiye haƙurinsa ya ba waɗanda suka rako shi.

A hanyar komawa ya riƙa jefa wa Uwar Kifi tambayoyi, har ta gaji ta ce ya zo ya gani da idonsa. Ta sa komar kamun kifi ta kamo wani matashin kaf daga tafkin gaba. Jikinsa ruwan tagulla ne, bayansa ya ɗan yi tozo, ga 'yan gashin baki guda huɗu, biyu gajeru biyu dogaye. Ta ja leɓensa a hankali, sai bakin ya miƙo waje kamar bututu, yana kallon ƙasa.

"Sa yatsanka."

"Ya cije ni?"

"Da me? Ba shi da haƙori a baki. Haƙoransa can cikin maƙogwaro suke, masu faɗi kamar dutsen niƙa. Da gashin bakin nan yake ɗanɗana laka. In ya ji abu, sai ya kafa kai ya zuƙo lakar gaba ɗaya, ya tace tsutsa da 'ya'yan ƙwari da saiwar ciyawa da ƙananan katantanwa, ya furzar da sauran. Katantanwa ma murƙushe ta yake yi. Wuni yake yana tono, shi ya sa ba za ka taɓa ganin ruwan da yake ciki ya kwanta garau ba."

Ta mayar da kifin, ta kai shi gefen da ruwa ya janye. Lakar wurin duk ramuka ce ƙanana, kamar an bi ta ana dangwala babban yatsa.

Sunkuye ya tsuguna, ya auna ɗaya da yatsansa. Ashe kifi ma yana da sawu, da baki yake taka ƙasa.

"In an fitar da shi daga ruwa, yana daɗewa?"

"Wannan? Yana da taurin rai. In ka naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye a inuwa, sai ya yi sa'o'i bai mutu ba."

Ya tuna ɗigon ruwan da ya bi sawun tayar, da rashin jini a bakin tafki. Mai son nama da na gaba zai ɗiba, sun fi yawa, sun fi kusa da hanya. Wannan ɓarawon da rai yake son kifin. Kuma duk inda ya kai su, ruwa ne.

Kwanaki suka yi ta wucewa yana zaga ruwayen garin. Ya leƙa tafkunan masu kiwo, ya bi fadama, ya duba har tankunan masu lambu. Bai ga komai ba. Ya biya ta gidan mai gadi ya same shi a zaure, ya daina fita ko shago, don yara sun fara kiran jikokinsa 'ya'yan ɓarawon kifi. Uwar Kifi kuwa kullum sai ta aiko a tambaya, tana cewa zafi ya fara, kifin ba za su riƙe ƙwan ba.

Wata safiya matar Sunkuye ta shimfiɗa masa farar rigarsa a kan gado, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, dubi abin da mai wanki ya kawo. Wannan fari ne ko ruwan ƙasa? Shekara da shekaru yana mana wanki, bai taɓa kawo irin wannan ba."

Ya ɗaga rigar. Ba dauɗa ba ce, an wanke ta sosai, an goge. Wani ja-ja ne ya shiga zaren ko'ina daidai wa daida.

"A ina yake wanki?"

"Inda ya saba mana, ramin tsakuwa."

Ramin tsakuwa tsohon wurin haƙa ne a ƙarshen unguwa, ruwa ya cika shi tun da daɗewa. Sunkuye bai sa shi a lissafi ba, don kowa ya san ruwansa garau yake, ana hango ƙasansa, kifi ko ɗan yatsa ba ya ɓuya a ciki. Nan mata ke ɗiban ruwan wanke-wanke, nan yara ke iyo.

Da ya isa sai ya tarar ruwan ya koma kalar shayi da madara. Mata biyu na tsaye da bokitai suna mita, ɗaya ta ce wani ne ya yi wa ramin asiri, ɗayar ta ce ƙasa ce ta zabtare daga ciki. Ciyawar ruwa na yawo a sama, saiwarta a waje. Ya naɗe wando ya shiga gefen da ba zurfi, ya laluba lakar da tafin hannu. Ramuka ne, amma waɗannan sun kai a sa dunƙulen hannu. Ya damƙo lakar ya wanke a tafinsa, sai ga gutsattsarin ɓawon katantanwa, an farfasa su ƙanana. A wata kusurwa kuma, bayan duwatsu, dusa ce ke yawo a kan ruwa. Wani yana ciyar da su.

Barori da yawa ke zuwa ramin, na masu ɗiban yashi, na masu sayar da ruwa. Ya bi gaɓar a hankali yana duba inda kowanne ya huta. Kusa da faffaɗan dutsen da ake bugun wanki ya ga abin da yake nema, zagaye a dama, kusurwa huɗu a hagu. Ya daɗe a tsaye. Bai ji daɗin da ya saba ji in sawu ya kai shi gida ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne dalili. Me zai sa mutumin da abincinsa ke cikin tsabtar ruwan nan ya kawo abin da zai dama shi?

Washegari da sassafe ya tara su a bakin ramin: Uwar Kifi da bokitinta na ƙarfe, Auta, mai banda da ta ce ta zo ne ta ga idon wanda ya jawo mata zagi, da mai gadi, wanda sai da Sunkuye ya je da kansa ya fito da shi. Mai wanki yana kan dutsensa, kumfa har gwiwar hannu. Da ya gan su ya daina bugu.

"Hajiya, ƙwanƙwasa," in ji Sunkuye.

Ta dube shi, ta dubi jan ruwan, ta buga bokitin. Shiru. Ta sake bugawa. Can sai ruwan ya yi wani kumburi daga tsakiya, ya nufo gaɓa. Baki ɗaya ya fito, faffaɗa, gashin bakin na rawa, sannan na biyu, na uku. Uwar Kifi ta saki sandar ta faɗa ruwan da zaninta har gwiwa tana ƙirga su, tana shafa bayansu. Biyar cif.

"Wa ya kawo su nan?" Auta ya tambaya da ƙarfi, ya fi kowa zaƙewa.

Sunkuye ya taka zuwa inda baron mai wanki yake, ya ɗaga hannuwansa ya matsar da shi gefe. Alamun biyu suka bayyana a laka. Ya nuna ƙafar hagu da aka ɗaure da katako da waya.

"Irin wannan na gani a ƙofar baya. Na kuma ga ƙafar da ba ta da faso, na rasa wane ma'aikaci ne ke da ita. Ashe wanda ke wuni a cikin ruwa da sabulu ne. Da jiƙaƙƙun barguna ka rufe su ko? Wa zai tsayar da mai wanki ya ce ya buɗe kayan dauɗa?"

Mai wanki ya ɗauraye hannunsa, ya sauko daga dutsen. Bai yi musu ba.

"Ni ne, Baba."

"Na san kai ne. Abin da ban sani ba shi ne me ya sa. Ka ɓata ruwan da kake ci da shi."

Mai banda ta yi tsaki. Mai wanki ya ce, yana kallon ƙasa:

"'Yata ce. Fitsarin jini take yi. Sau biyu ana ba ta magani a asibiti tana warkewa, ya sake dawowa. Likita ya ce tsargiya ce, daga katantanwar ruwan nan take fitowa ta shiga fatar mutum. Ya ce a hana ta shiga. Yaya zan hana ta? Uwarta ta rasu, inda nake nan take wuni, duk yaran unguwa a ciki suke wasa. Ran nan na ji Hajiya na gaya wa wani mai saye cewa kifin nan na murƙushe katantanwa. Na roƙe ta ta sayar mini da manya biyu, ta ce iyaye ba na sayarwa ba ne, in jira ƙanana. Ƙanana kuwa sai yaushe za su girma? Da na zo karɓar wanki na ga ƙofa a buɗe, ba kowa. Na ce aro zan yi, in sun cinye in mayar."

"Aro," in ji Uwar Kifi daga cikin ruwa. Muryarta ta sauka, amma ba ta yi laushi ba. "Da ka gaya mini dalilin, da na gaya maka gaskiya. Yana cin katantanwa, amma in ya samu tsutsa da saiwa ba ya wahalar da kansa. Ko ɗari ka zuba ba za su ƙarar da ita ba. Ka ɗauki kifina a banza, ka sa an ci mutuncin dattijo a banza."

Tana magana hannunta na ƙarƙashin cikin babbar macen. Sai ta tsaya. Ta sake shafawa, ta saki kifin, ta nufi inda ciyawa ta yi kauri a gefe. Ta tsinko reshe ɗaya ta ɗaga. Sunkuye ya matso har ruwa ya jiƙa masa takalmi. Jikin ganyen duk ƙananan ƙwallaye ne masu ɗan rawaya, kamar an yayyafa gero, sun manne gam.

"Sun zubar," ta ce. "Ruwa mara zurfi, ga ɗumi, ga ciyawa. Abin da suke nema ke nan."

"To an yi asara ke nan?" Sunkuye ya tambaya.

"Abin da na iya yanka in kai gida cikin ruwa zai ƙyanƙyashe. Sauran ya zama na ramin nan." Ta juya ga mai wanki. "Ka ji? Ba mai iya tsince su duka. Ka kawo wa ramin nan baƙin da ba za su tafi ba. Ruwan da ka sani garau, kai da shi sai labari."

Haka kuwa aka yi daga baya. Ta samu kusan rabin irin da ta saba samu. Ramin tsakuwa bai sake kwanciya ba, mai wanki ya koma jan ruwan rijiya da guga, aikin da ya ninka masa wahala. Yara suka rage shiga ramin don ba mai son iyo a cikin taɓo, yarinyar kuma Uwar Kifi ta sa aka mayar da ita asibiti, ta ce ta riƙa wuni a gidan gona maimakon bakin ruwa.

Amma a safiyar nan ba wanda ya san haka tukuna. Auta ya kawo maganar 'yan sanda, yayarsa ta ce ya rufe mata baki, shi da ya bar ƙofa a buɗe ya tafi zance, ai labarin ya riga ya iso mata. Ta ce ba za ta kai ƙara ba. Sharaɗinta shi ne yadda mai wanki ya kawo kifin haka zai mayar da su, a baronsa, ta tsakiyar kasuwa, da rana, kowa ya gani ya san wanda ya ɗauka. Sannan ta fito daga ruwa ta durƙusa a gaban mai gadi, zaninta na ɗiga, ta ce ya yafe mata, ya dawo bakin aikinsa. Tsohon ya ce ta tashi, ba komai.

Aka jiƙa barguna, aka kwantar da kifin ɗaya bayan ɗaya, aka lulluɓe. Mai banda da Auta suka tsaya taya Uwar Kifi yankan ciyawar ƙwai. Mai wanki ya kama hannun baro. Ba wanda ya sa mai gadi, ya ɗauki bokiti ya cika da ruwa, ya bi gefensa. Sunkuye na biye da su a baya.

Sun shiga kasuwa mutane na fitowa daga rumfuna suna nuna su. Mai wanki bai ɗaga kai ba. Sai da suka wuce rumfar ƙarshe ya rage tafiya, ya ce wa mai gadi da murya ƙasa-ƙasa:

"Baba, na ji ana zaginka, na yi shiru. Ka yafe mini."

Tsohon bai dube shi ba. Ya ɗaga gefen bargo ya leƙa, ya kamfato ruwa da hannu ya yayyafa.

"Tura dai," ya ce. "Kan wannan ya fara bushewa."